Bahago a Fagen Dambe: Me Ilmin Halitta Ya Ce?

A ƙasar Talata Mafara da Bakura da Maradun, dambe wasa ne na gado, musamman ga mahauta, waɗanda tun kaka da kakanni sukan fita gari-gari da makaɗansu bayan an kawar da amfanin gona. Duk wanda ya saba tsayawa a bakin fage ya san yadda 'yan kallo kan gyara zama idan aka ga ɗan wasa ya ɗaure hannun hagu, ko hannun hauni kamar yadda wasu dattawan yankin kan faɗa. Har sunayen 'yan damben zamani sun nuna wannan matsayi, domin da yawa kan fara da kalmar Bahago, kamar Bahagon Sanin Kurna da Bahagon Musan Kaduna.

To, a ce wani jagoran 'yan dambe yana da samari shida, amma guzurinsa ba zai ɗauki fiye da biyar zuwa wasa ba. A cikinsu akwai bahago guda wanda bai kai sauran ƙarfin damtse ba. Shin a tafi da shi, ko a bar shi gida? Wannan tambaya ta daɗe tana cin tuwo a ƙwaryar masu kula da ƙungiyoyin wasanni a duniya, kuma masana ilmin halitta suna da abin cewa a kanta.

Mutum Ɗaya Cikin Goma

Wani gagarumin bincike da aka buga a 2020, wanda ya tattara bayanan mutane fiye da miliyan 2, ya nuna cewa kimanin kashi 10.6 cikin ɗari na 'yan Adam bahagwai ne, kuma maza sun ɗan fi mata yawa a cikinsu. Abin yana somawa tun a ciki. A 1991 Peter Hepper da abokan aikinsa sun duba 'yan tayi da na'urar hoton ciki, suka ga kusan tara cikin goma babban yatsan dama suke tsotsa.

Asalin al'amarin yana cikin ƙwaƙwalwa. Ƙwaƙwalwa ɓari biyu ce, kuma jijiyoyin da ke ɗauke da umarnin motsi sukan gitta wa juna a gindinta, ta yadda ɓarin hagu ke sarrafa hannun dama, ɓarin dama kuma ke sarrafa hannun hagu. Gado yana da hannu a ciki, amma ba shi kaɗai ke yanke hukunci ba. Idan uwa da uba duka masu dama ne, kimanin ɗa ɗaya cikin goma kan fito bahago. Idan kuwa duka biyu bahagwai ne, adadin kan kai kusan ɗaya cikin huɗu. Ke nan ko bahagwai biyu sun yi aure, yawancin 'ya'yansu masu dama za su kasance.

A nan ne masana suka tsaya suna tambaya: me ya sa bahagwai ba su ƙare ba, kuma me ya sa ba su kai rabin jama'a ba?

Lissafin Sabo

A 1996 masani Bafaranshe Michel Raymond da abokan aikinsa suka kawo amsar da ta yi fice. Suka ce amfanin bahago a wurin faɗa yana cikin ƙarancinsa. Lissafin mai sauƙi ne. Idan ɗan dambe ɗaya cikin goma ne bahago, to mai dama da ya yi wasa 100 zai gamu da bahago sau 10 kawai, alhali bahagon da ya yi wasa 100 zai gamu da mai dama sau 90. Ranar da suka haɗu, ɗaya ya zo wurin da ya saba, ɗaya kuwa baƙo ne.

Tsayuwar dambe tana ƙara bayyana wannan. Mai dama yakan sa ƙafar hagu gaba, ya miƙa hannun hagu a buɗe ya zama garkuwa, ya ja hannun dama da aka ɗaure baya ya zama mashi. Idan abokin karawarsa mai dama ne, naushi zai taso ne ta gefen hagunsa, inda garkuwa take jira. Idan kuwa bahago ne, naushi zai taso ta gefen dama, inda babu garkuwa, sa'an nan ƙafafun gaba su riƙa cin karo, garkuwa ta riƙa sarƙewa da garkuwa. Naushi ba ya ba mutum lokacin tunani. Jiki yana kare kansa ne da abin da ido da ƙwaƙwalwa suka haddace ta hanyar maimaici, ta karanta motsin kafaɗa da ƙugu tun kafin hannu ya taso. Wanda bai haddace motsin bahago ba, kafin ya farga an kai shi ƙasa, wato an yi kisa, tun ba a gama turmin farko ba.

Alƙaluma sun goyi bayan wannan. A 2019 Thomas Richardson da Tucker Gilman na Jami'ar Manchesta a Ingila sun duba tarihin wasannin 'yan damben boksin da na gaurayen faɗa fiye da 13,000. Sun tarar cewa kimanin kashi 17 cikin ɗari na 'yan boksin maza da tsayuwar hagu suke faɗa, abin da ya zarce yawan bahagwai a cikin jama'a, kuma sun ɗan fi masu dama samun nasara. Sai dai masana ba su yi ittifaƙi a kan cewa faɗa ne kaɗai ya adana bahagwai a cikin 'yan Adam ba. Wani bincike na 2012 a kan al'ummar Eipo ta tsaunukan Papuwa, waɗanda aka sani da yawan faɗa, bai sami bahagwai masu yawa a cikinsu ba.

Darasi Daga Kifin Tanganyika

Wannan ƙa'ida ta fifikon wanda ya yi ƙaranci ta fi fitowa sarari a jikin wani ƙaramin kifi na Tafkin Tanganyika a Gabashin Afirka, wanda masana ke kira Perissodus microlepis. Abincinsa ɓawon jikin wasu kifaye ne. Yakan lallaɓo ta baya, ya finciki ɓawo, ya gudu. Bakin wasunsu ya karkata dama, na wasu ya karkata hagu, kuma kowane iri gefe guda yake iya kai wa hari da kyau. Masani ɗan Japan Michio Hori ya bayyana a 1993 cewa idan iri guda ya yi yawa, kifayen da ake cizo sukan koyi lura da wannan gefen, sai irin da ya yi ƙaranci ya sami abinci, ya hayayyafa, har ya zama shi ne mai rinjaye. Daga nan sai reshe ya juye da mujiya. Haka adadin ke hawa da sauka kusa da rabi da rabi, a zagayen shekaru kamar biyar.

Abin lura shi ne, babu irin da ya fi wani a halitta. Yawan kowane iri ne ke rage masa riba.

Yadda Amurkawa Suka Yi da Nasu Bahagon

A Amurka akwai wasan da ake kira besbol, inda mutum ɗaya ke jefa ƙwallo, wani kuma ya yi ƙoƙarin dukanta da kulki. Tazarar da ke tsakaninsu mita 18.44 ce, kuma ƙwallon da aka jefa da gudun kilomita 150 a awa kan iso cikin ƙasa da rabin daƙiƙa. Masani Bajamushe Florian Loffing ya nuna a 2017 cewa bahagwai sun fi yawa a wasannin da lokacin mayar da martani ya fi ƙanƙanta, irin su besbol da kurket da ƙwallon tebur. A cikin manyan masu jifa na besbol, bahagwai sun kusa kashi 30 cikin ɗari.

An daɗe da sanin cewa mai duka ta hagu yakan sha wuya a hannun mai jifa bahago, domin bai saba da shi ba, kuma ƙwallon da aka murɗa takan kauce masa tana nisantarsa. Saboda haka ƙungiyoyi suka riƙa ajiye bahago guda a benci, ba ya shiga sai wasa ya yi tsanani, ya fuskanci mutum ɗaya tak, ya koma ya zauna. Jesse Orosco, wanda ya ƙare rayuwarsa ta wasa a irin wannan aiki, ya buga wasa 1,252, adadin da ba mai jifan da ya kai shi a babbar gasar, kuma bai yi ritaya ba sai a 2003 yana da shekara 46.

A 2020 aka canja doka, aka ce duk mai jifan da ya shiga sai ya fuskanci aƙalla mutum uku, ko kuwa ya kai ƙarshen wannan zangon. Nan take darajar bahagon da ba ya iya komai sai kayar da 'yan'uwansa bahagwai ta faɗi. Wanda ya tsira shi ne bahagon da ke iya karawa da kowa.

To, a Tafi da Shi?

Amsar ilmin halitta ita ce a tafi da shi, amma bayan an auna abu uku. Na farko, sabon abokan hamayya: idan garin da za a je ba su cika gamuwa da bahago ba, ribarsa babba ce, idan kuwa babban gidan dambe ne inda bahagwai suka yawaita a Kudu da Arewa da Guramada, ribar ta ragu, kamar ta kifin da irinsa ya cika tafki. Na biyu, gwanintarsa: hannun hagu ɗan ƙari ne a kan iyawa, ba ya maye gurbin numfashi da ƙafa da ƙarfin zuciya. Na uku, amfaninsa a gida: bahago shi ne malamin sauran samarin, domin wanda ya saba karawa da shi a wurin horo ba zai ruɗe ba ranar da ya gamu da irinsa a fage. Ko da bai yi kisa ko ɗaya a tafiyar ba, ya riga ya biya kuɗin motarsa.

Kira ga Malamai da Ɗalibai

A ajin da ke da ɗalibai 50, ana sa ran samun bahagwai kamar biyar. Malami na iya gwada wannan: kowane ɗalibi ya jefa ƙwallo, ya yanka takarda da almakashi, ya zura zare a allura, a rubuta hannun da ya yi amfani da shi, sa'an nan a kwatanta da hannun da yake rubutu da shi. Bambancin da aka gani zai iya nuna wasu daga cikin waɗanda aka juya wa hannu tun suna ƙanana.

Addini da al'ada sun koyar da ci da sha da gaisuwa da hannun dama, kuma yaro bahago yana iya koyon waɗannan ladubba cikin lallashi. Riƙon alƙalami da jifa da aikin hannu kuwa wani abu ne daban. Duka da tsawa na iya barin yaro da mummunan rubutu da tsoron makaranta. Abin da yake bukata kaɗan ne: a zaunar da shi a ƙarshen benci ta hagu don kada gwiwar hannunsa ta riƙa karo da ta maƙwabcinsa, a karkatar masa da takarda, a koya masa riƙe alƙalami nesa kaɗan da bakinsa don kada hannu ya shafe abin da ya rubuta. Hausawa sukan kira abu mai wuyar sha'ani bahago, har su ce wane ya yi bahaguwar fahimta. Amma yaron da ke ƙarshen bencin nan lafiyarsa lau, kuma da alƙalami a hannunsa na hagu zai iya cin jarrabawar da kowa ke ci.