Man Zafi: Magani a Fata, Guba a Ciki

'Yan uwana mata, da zarar hunturu ya kama a Babura, Kazaure, Roni da Gwiwa, da wuya ki shiga ɗaki ba ki ji ƙamshin man zafi ba. Mai ciwon gwiwa ta shafa, mai sanƙarar wuya ta shafa. To, kin san abin da ke cikinsa kuwa?

Duba jikin kwalbar. A yawancinsu za ki ga an rubuta Methyl Salicylate, watau metil salisilet. Wani ruwa ne mai maiƙo da ƙamshi mai ƙarfi. Ya fi ruwa nauyi, ba ya garwaya da shi sosai, amma yana narkewa cikin mai. Asalinsa daga ganyen wani tsiro ne na Arewacin Amurka, kuma a 1843 wani masani Bafaranshe, Auguste Cahours, ya gano ko mene ne shi.

Yanzu a masana'anta ake yin kusan dukkansa. Akan dafa asid ɗin salisilik da wani irin sifirit mai suna metanol, a ɗiga asid ɗin salfa kaɗan don ya gaggauta haɗuwarsu. 'Yan makaranta ku riƙe wannan: abin da aka samu daga haɗuwar asid da dangin sifirit shi ake kira esta. Daga wannan asid na salisilik ne kuma ake yin asfirin. Ban da man zafi, akan sa ɗan kaɗan a cingam da ruwan kurkure baki saboda ƙamshi.

In kin shafa, yakan buɗe ƙananan hanyoyin jini na fata, ki ji ɗumi, ciwon ya lafa. Amma ki lura: cokalin shayi ɗaya na tsantsarsa ya kai ƙarfin ƙwayar asfirin fiye da 20. Abin da bai kai haka ba ma yana iya halaka ƙaramin yaro.

Saboda haka kada ki ba yaro ya lasa don tari, kada ki jefa masa a ruwan sha ko shayi. Kada ki cusa wa jariri a hanci. Kada a shafa a kan rauni, kada kuma a gasa wurin da ruwan zafi bayan an shafa, domin fata na iya ƙonewa. Mai juna biyu ta fara tambayar ungozoman asibiti.

Idan yaro ya haɗiya, alamunsa su ne amai, haki, zufa da ƙarar kunne. Kada ki jira su bayyana, kada ki ɗura masa manja ko madara don ya yi amai. Ɗauki kwalbar ku tafi Babban Asibitin Babura ko na Kazaure nan take.

Ajiye shi a sama inda hannun yaro ba ya kaiwa, ba a ƙarƙashin matashi ba. Allah Ya tsare mana zuriya, amin.