Kuɗin Titi a Kan Mai Sabon Gini: Yadda Biranen Amurka Ke Lissafa Shi

A biranen Amurka da dama, duk wanda ya nemi izinin gina gida ko kanti sai ya biya wani kuɗi sau ɗaya, don faɗaɗa titunan da gininsa zai ƙara wa cunkoso. Tsarin ya bazu tun shekarun 1970, musamman a Florida da Kalifoniya; a Kalifoniya dokar 1978 ta zabge harajin gidaje, ƙananan hukumomi suka shiga neman madogara. Hujjarsu ita ce wanda ya ƙaro kaya shi zai ɗauki rabonsa, kada a ɗora wa tsofaffin mazauna.

Kuɗin ba da ka ake yanka shi ba. A jihar Texas, dokar 1987 ta wajabta wa birni ya fara hasashen yawan gine-ginen da za a yi cikin shekaru goma masu zuwa, ya jera titunan da wannan ƙaruwa za ta buƙata, da abin da za su ci. Sai a ƙiyasta zirga-zirgar da kowane irin gini ke haifarwa. Kundin ƙungiyar injiniyoyin sufuri ta ITE ya nuna gidan iyali ɗaya na jawo shige da fice na mota kusan tara zuwa goma a rana, ɗaya daga ciki a lokacin cunkoson yamma. Gidan mai da babban kanti sun ninka haka, don haka nasu ya fi tsada.

Ga misali. A ce titunan za su ci dala miliyan 40, sabbin gine-gine kuma za su ƙara tafiyar mil 20,000 a lokacin cunkoso. Kowane mil ya tashi dala 2,000. Gidan da aka ƙiyasta masa mil huɗu, nasa dala 8,000 ke nan. A Texas sai an rage rabi, ko a cire harajin da mai gidan zai biya nan gaba don titunan, kada a karɓa sau biyu.

Doka ta kuma ja wa hukuma kunne. Kuɗin na sabon aiki ne, ba na cike ramukan tsohon titi ba. A yankin da aka karɓa za a kashe shi. A Texas, in ya shekara goma ba a taɓa ba, a mayar wa mai shi. A 2024 Kotun Ƙolin Amurka ta duba ƙarar George Sheetz, wanda ƙaramar hukumar El Dorado a Kalifoniya ta karɓi dala 23,420 a hannunsa kan ɗan ƙaramin gida. Alƙalan duka tara suka ce ko majalisa ce ta ƙayyade kuɗin, bai kuɓuta daga binciken kotu ba, sannan suka mayar da shari'ar zuwa kotunan Kalifoniya.

A kula: ɗan kwangila ne ke biya a ofis, amma sau da yawa a ƙarshe kuɗin kan mai saye da ɗan haya yake komawa. Don haka ko a ina kake, kafin ka sayi fili ko gida a sabuwar unguwa, ka tambayi ko an biya kuɗin raya unguwar. In kai aka nema, ka tambayi dokar da ta kafa shi, yadda aka lissafa, da titin da za a yi. Ka biya a asusun hukuma, ka karɓi rasit, kada ka damƙa wa dillali a hannu.