Motar Kwana A Amurka: Sai An Kama Wuri Tun Wata Shida

A ƙasar Amurka akwai wata irin mota wadda ke da gado a cikinta, da murhu, da bayan gida, har da wurin wanka. Idan lokacin hutu ya zo, daga Yuni zuwa Agusta, sai magidanci ya kwashi iyalinsa su shiga yawon buɗe ido. Sabon shiga yakan ɗauka tun da ɗakinsa na kan taya, duk inda dare ya same shi sai ya kashe inji ya kwanta. To, ba haka abin yake ba. Garuruwa da yawa sun hana kwana cikin mota a bakin titi, kuma motar kanta tana bukatar wuta da ruwa da inda za a zubar da ƙazantarta. Saboda haka aka keɓe musu zango, kuma kwana a zangon da kuɗi ne.

Mai karatu da ya san Sabon Ibadan ko Agege ya san baƙo kan sauka wurin maigidansa ko bai aiko ba, a ba shi ɗaki, lissafi ya biyo baya. Can kuwa babu fatoma. Kuɗi ne ke riga mutum isa.

Zangon da aka fi rububi shi ne na gwamnatin tarayya, watau na cikin gandun daji. Ana kama wuri ta intanet a Recreation.gov, kuma galibinsu ana buɗe su wata shida kafin ranar sauka. Mai son kwana a watan Yuli, tun Janairu zai zauna gaban kwamfuta. A gandun Yosemiti na jihar Kalifoniya, wuraren kan ƙare cikin 'yan mintoci da buɗewa. Ba a karɓar alkawari: da katin banki za a biya kuɗin kwanakin duka nan take.

Inda baƙo ya fi yin asara kuwa shi ne wajen fasawa. Wanda ya soke da wuri, dala 10 za a cire masa a mayar da saura. Wanda ya bari sai ana gobe, ban da dala 10 ɗin, kuɗin daren farko ma ya tafi. Wanda bai zo ba kuma bai yi magana ba, dala 20 ne da kuɗin daren farko. A ganina wannan hukunci bai yi tsanani ba, domin wurin da ya bari wayam, akwai iyalin da suka nema suka rasa.

Har wa yau, sai mutum ya san tsawon motarsa kafin ya biya. Kowane fili an rubuta ƙafa nawa yake ɗauka, kuma idan mota ta fi ƙarfinsa, mai gadi ba zai ƙara masa ko taku ɗaya ba. Haka wuta: akwai mai amfa 30, akwai mai amfa 50, wani filin ma babu wuta ko kaɗan. A gandun Yalosuton, wanda aka kafa a 1872, zango ɗaya tak ne ya haɗa wuta da ruwa da magudanar ƙazanta, shi ne Fishing Bridge, shi ma ba a yarda da tanti ko mota mai bangon tamfol ba, saboda dabbar beyar da ke yawo a wurin.

Na 'yan kasuwa sun fi tsada amma sun fi kayan jin daɗi. Mafi shahara shi ne kamfanin KOA, wanda ya fara a garin Bilins na jihar Montana a 1962. Irin waɗannan sukan karɓi kafin alkalami, sau da yawa kuɗin dare ɗaya, a cika saura ranar sauka. Sai dai kowanne da ƙa'idarsa, kuma lokacin biki kamar 4 ga Yuli wasu ba su sayar da dare ɗaya, sai biyu ko uku.

Wanda bai kama wuri ba fa? Akwai zangon da wanda ya riga shi ne da wuri. A wasunsu babu ma'aikaci ko ɗaya: ambulan ne a bakin ƙofa, ka rubuta lambar fili da ta mota, ka sa kuɗi, ka jefa cikin akwatin ƙarfe. Ba mai ba da canji, don haka a riƙe ƙananan kuɗi. A manyan filayen gwamnati na yammacin ƙasar kuma ana iya zama kyauta har kwana 14, amma ba ruwa ba wuta. Wasu kantunan Walmart ma kan bar mota ta kwana a harabarsu, idan an shiga an nemi izinin manaja.