Fashin baƙi: Me ya sa bindigar wasa ke iya fin ta gaske tsada?

A kasuwar makamai ta Amurka, mutum na iya sayen bindiga samfurin AR-15 ta gaske, mai matsakaicin inganci, a kan kimanin dala 600. A wani shagon kuma, kwaikwayon wannan bindiga da kamfanin Systema na ƙasar Japan ya ƙera, wanda ƙwayar roba kawai yake harbawa, ya haura dala 1,000. Mai sayen na biyun ya san ba za ta kare shi daga ɓarawo ba, ba kuma za ta kashe ko zomo ba. Duk da haka yana biya, wani lokaci ma sai ya jira kafin kayan su iso.

Ana amfani da waɗannan bindigogi ne a wasan da duniya ta sani da sunan Airsoft, inda 'yan wasa ke rabuwa gida biyu su yi ta harbin juna da ƙwayoyin roba masu faɗin milimita 6, sanye da gilashin kare ido. Akwai masu araha da ake ƙerawa a China, waɗanda ake samu tsakanin dala 100 zuwa 200. Akwai na Japan da Taiwan da ke kai wa dala 400 zuwa 700. Sama da su kuma akwai na ƙwararru. Tambayar ita ce: me ake saye da wannan ƙarin kuɗi?

Masana'antar da doka ta haifa

Asalin abin daga Japan yake. Dokar mallakar bindiga da takobi ta 1958 ta sa mallakar ƙaramar bindiga ya zama kusan haramun ga farar hula. Sha'awar bindigar kuwa ba ta mutu ba. Kamfanonin kayan wasa suka shiga ƙera kwaikwayo, da farko na ado wanda ba ya harbi, daga baya kuma mai tura ƙwayar roba da ƙarfin sifirin ko iskar gas.

Babban sauyi ya zo a 1991, lokacin da kamfanin Tokyo Marui ya fitar da kwaikwayon FAMAS, bindigar sojojin Faransa, mai aiki da batir. Kamfanin ya riga ya ƙware wajen ƙera motocin wasa masu rimot, sai ya ɗauko ƙaramin injinsu ya haɗa shi da giya uku da fistin da sifirin a cikin akwati guda. Idan aka ja kunama, injin ya juya giyar, giyar ta ja fistin baya, sifirin ya hankaɗo shi gaba, iskar da ya matse ta fitar da ƙwayar. Bayan shekara biyu kamfanin ya ƙara wata 'yar roba a gindin bututu wadda ke sa ƙwayar ta riƙa juyawa da baya a cikin iska, abin da ke tsawaita tafiyarta ba tare da an ƙara ƙarfin harbi ba. Kamfanonin Hong Kong da Taiwan da China suka kwafi wannan tsari, har ya zama ma'aunin da mafi yawan masana'antar ke bi zuwa yau.

Ƙarfin harbi yana da iyaka

A kasuwar mota, ƙarin kuɗi kan sayi ƙarin gudu. A nan doka ta toshe wannan hanya. A 2006 Japan ta gyara dokarta ta ƙayyade ƙarfin harbin irin wannan bindiga a kimanin jul 0.98, wato gudun da bai kai mita 100 a daƙiƙa ba idan nauyin ƙwayar giram 0.2 ne. Birtaniya ta sa jul 1.3 ga mai barin wuta, da 2.5 ga mai harbi ɗaya-ɗaya, a dokar da ta yi a 2017. A Jamus, duk wadda ta wuce jul 0.5 sai ɗan shekara 18 zai saye ta, kuma ba a yarda ta yi barin wuta ba. Filayen wasa ma suna da nasu ma'aunin, sukan gwada kowace bindiga kafin a shiga da ita.

Saboda haka bindigar dala 150 da ta dala 1,000 na iya fita fili da ƙarfi iri ɗaya. Tunda babu damar gasa a kan ƙarfi, masu ƙira sun karkata ga abubuwa uku: yadda bindigar ke kama da ta gaske a ido da hannu, yadda harbinta ke daidaita daga na farko zuwa na dubu, da kuma sunan da ke rubuce a jikinta.

Mazubi da yawan kaya

Kuɗi mafi nauyi ana kashe shi ne tun kafin a ƙera bindiga ko ɗaya. Kowane ɓangare na roba yana buƙatar mazubi, wato ƙirar ƙarfe mai tauri da ake ɗura narkakkiyar roba a cikinta ta fito da siffar da ake so. Mazubi guda na babban ɓangare kan ci dubban daloli, wani lokaci dubu gomomi, bindiga ɗaya kuwa tana da ɓangarori da dama.

Lissafin a bayyane yake. A ƙaddara kamfani ya kashe dala 50,000 a kan mazubai. Idan ya sayar da bindiga 100,000, kowacce ta ɗauki rabin dala. Idan 2,000 kawai ya sayar, kowacce ta ɗauki dala 25, kafin a yi maganar kaya da ƙwadago. Wannan ne ya sa kwaikwayon M4 da AK suka cika kasuwa da araha: ana sayen su da yawa, kuma kayan cikinsu iri ɗaya ne a kusan kowane kamfani. Bindigar da ba a saba gani ba, kamar ta zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, takan buƙaci sabon mazubi da sabon tsarin ciki domin 'yan tsirarun masu sha'awa, kuma su za su biya dukkan kuɗin.

Kamfanin da ya kwafi ƙirar wani yana tsallake kuɗin bincike da gwaji baki ɗaya. Wani ɓangare na ratar farashi tsakanin Tokyo Marui da masu kwaikwayonsa na China daga nan ya samo asali.

Ba kowane ƙarfe ne ƙarfe ba

Kalmar "jikin ƙarfe" a kan kwali tana ɓoye bambanci mai yawa. Mafi araha shi ne gaurayen tutiya da ake narkarwa a zuba: yana da nauyi a hannu, amma yakan tsage idan ya sha wuya. Sama da shi akwai zubin alminiyam. Sama da wannan kuma akwai alminiyam ɗin da injin da kwamfuta ke sarrafawa yake sassaƙawa daga dunƙule guda. Zubi yana fitar da ɓangare cikin daƙiƙoƙi. Sassaƙa tana riƙe inji mai tsada na tsawon lokaci a kan ɓangare ɗaya, mafi yawan dunƙulen kuma ya tafi a ɓarɓashi. Kamfanonin Taiwan irin su LCT da GHK sun yi suna da ƙera kwaikwayon AK da fallen baƙin ƙarfe da katako na gaske, kusan yadda ake haɗa jikin ta asali.

A nan ma doka ta sa hannu. A Japan, ƙaramar bindigar kwaikwayo mai jikin ƙarfe haramun ce sai an toshe bututunta an kuma shafe ta da fari ko rawaya. Don haka ƙananan bindigogin Tokyo Marui na roba ne, an kuma tsara su da iskar gas mai sauƙin ƙarfi. Masu ƙira na Taiwan, waɗanda wannan doka ba ta ɗaure ba, suka kama kasuwar masu son ƙarfe a Turai da Amurka. Darajar Marui kuwa ta tsaya a kan daidaito: bindigarsa ta roba takan fi ta ƙarfen wasu kamfanoni harbi a saiti tun daga kwali.

Daidaiton nan a cikin 'yan ƙananan ma'aunai yake. Faɗin cikin bututu na yau da kullum milimita 6.08 ne, na masu tsada kuma 6.03 ko 6.01. Ratar ba ta kai kaurin gashin kai ba, amma riƙe ta daidai a tsawon bututu yana buƙatar inji mai kyau, da ma'aikacin da zai auna, da haƙurin zubar da duk wanda ya kauce. Kamfani mai araha yakan bar wannan tantancewa ga mai saye, wanda zai gano matsalar a fili.

Mafi tsada a cikin masu farin jini su ne masu aiki da iskar gas, waɗanda ƙarfen cikinsu ke komawa baya da kowane harbi su girgiza kafaɗa kamar ta gaske. Duk ɓangaren da ke motsi yana shan duka, don haka dole a yi shi da ƙarfe mai kyau. Gidan harsashinsu ma tankin gas ne mai bawul, yana ɗaukar ƙwaya kusan 30 kamar na asali, guda ɗaya kan kai dala 40 ko fiye. Ɗan wasan da ke buƙatar biyar ko shida ya kusa biyan rabin kuɗin wata bindigar.

Kuɗin suna

Tambarin da ke jikin bindiga dukiya ce ta kamfanin makaman da ya ƙirƙire ta. Kamfanin Umarex na Jamus, wanda ya mallaki Walther tun 1993, yana riƙe da lasisin Heckler & Koch, ya kuma samu na Glock a 2017. Cybergun na Faransa yana da na Colt da FN Herstal. ASG na Denmark yana da na CZ. Kafin wannan yarjejeniya ta 2017, Glock ya sha kai masu shigo da kwaikwayon bindigarsa kotu a Amurka.

Sau da yawa mai lasisin ba shi ke ƙira ba. Kwaikwayon HK416 da ake sayarwa da sunan Umarex, alal misali, kamfanin VFC na Taiwan ne ke ƙera manyan samfuransa. Ke nan kafin bindigar ta isa hannun ɗan wasa, masana'anta ta ci ribarta, kamfanin makamai ya karɓi ladan sunansa, mai lasisi ya ɗora nasa, dillali da mai shago ma haka. A ƙara kuɗin jirgi da na fito. Harajin da gwamnatin Donald Trump ta ɗora wa kayan China da Taiwan a 2025 ya faɗa kai tsaye a kan wannan kasuwa, domin kusan dukkan kayanta daga gabashin Asiya suke fitowa.

Abin da ake saye shi ne abin da ake tsoro

Kamannin da mai saye ke biyan kuɗi dominsa shi ne ainihin abin da ke tayar wa hukumomi hankali. Tun 1988 dokar tarayyar Amurka ta wajabta alamar ruwan goro a bakin bindigar kwaikwayo. Amma alamar tana cirewa. A watan Oktoban 2013 wani jami'in tsaro ya harbe Andy Lopez, ɗan shekara 13, a Santa Rosa ta jihar Kalifoniya, yana ɗauke da kwaikwayon AK-47. A watan Nuwamban 2014 ɗan sanda ya harbe Tamir Rice, baƙar fata ɗan shekara 12, a birnin Cleveland, bindigar wasan da ke tare da shi ba ta da alamar. Kisan Rice ya shiga cikin manyan shari'o'in da suka rura zanga-zangar adawa da kisan baƙaƙen fata a hannun 'yan sanda. Kalifoniya ta ƙara wajabta launuka masu ƙyalli a jikin irin waɗannan bindigogi.

Birtaniya ta bi wata hanya a dokar rage miyagun laifuka ta 2006. Mai son bindiga mai kamannin gaske sai ya tabbatar shi ɗan wasa ne a filin da aka sani. Wanda bai cika sharaɗin ba, sai dai a sayar masa da wadda aka shafe fiye da rabinta da launi mai haske, ko da kuwa ya biya ɗaruruwan fam domin kamannin da fentin ya rufe.

China, inda ake ƙera mafi yawan masu araha, tana da tsanani ƙwarai a cikin gida. Tun 2008 ma'auninta ya koma jul 1.8 a kowane murabba'in santimita, kusan rabin na Japan, wanda yake 3.5. Bindigar da matashi zai saya a shagon Tokyo tana iya zama makami a idon kotun China. A 2015 aka yanke wa Liu Dawei ɗaurin rai da rai saboda ya yi odar bindigogin kwaikwayo 24 daga Taiwan ta intanet yana ɗan shekara 18. Sai a 2018 aka rage hukuncin zuwa shekara bakwai da wata uku. A ƙarshen 2016 aka ɗaure Zhao Chunhua, mai rumfar harbin balan-balan a birnin Tianjin, shekara uku da rabi, kafin kotun ɗaukaka ƙara ta jingine hukuncin bayan jama'a sun yi ca. A Najeriya kuwa, ƙananan bindigogin iska suna cikin jerin kayan da hukumar kwastam ta haramta shigowa da su kwata-kwata.

Kowace irin wannan doka tana komawa kan farashi. Masana'anta ɗaya takan ƙera samfuri guda kala-kala: mai alamar ruwan goro don Amurka, mai harbi ɗaya-ɗaya da hatimin hukuma don Jamus, mai sassaucin sifirin don Japan. Kowane rabe-rabe yana rage yawan kayan da za a raba wa kuɗin mazubi, ya kuma ƙara takardu da gwaji.

Saboda haka farashin da ke manne a jikin bindigar kwaikwayo mai tsada tarin abubuwa ne da za a iya lissafawa: mazubin da mutane kaɗan suka raba kuɗinsa, sa'o'in injin sassaƙa, kayan da aka zubar don ba su cika ma'auni ba, ladan sunan kamfanin makamai, da hukuncin da kowace ƙasa ta yanke kan iyakar kamannin da za ta lamunta. Kamfanonin makamai na gaske suna karɓar rabonsu a kan kowace bindiga mai tambarinsu, tambarin kuma yana shiga hannun matasan da wasunsu za su zama masu sayen ta gaske nan gaba. Haɗarin kamannin kuwa yakan faɗa ne a kan wanda ke riƙe da ita a titi, a daƙiƙar da ɗan sanda zai yanke shawara daga nesa.