Me Ake Dubawa Cikin Jinin da Aka Ɗiba?

Da yawa daga cikinmu mazauna Hotoro muna aiki a kamfanonin Sharada, Challawa da Bompai. Wani sai an tura shi gwajin jini kafin a ɗauke shi aiki, wani kuwa sai zazzaɓi ya kwantar da shi. A ɗibi jini, a miƙo takarda cike da haruffa, mutum ya naɗe ta ya sa aljihu bai san abin da ta faɗa ba. Bari mu duba ta tare.

Abin da aka fi aunawa shi ne yawan jini, wanda ake rubutawa PCV. Yana nuna kason jajayen ƙwayoyin jini, masu kai iska ko'ina cikin jiki. Namiji mai lafiya yakan kai kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari, na mace yakan ɗan yi ƙasa. In ya faɗi sosai sai ka ga jiri, kasala da haki. Fararen ƙwayoyi kuwa su ne masu yaƙi da cuta, sukan ƙaru in wata ƙwaya ta shiga jiki. Zazzaɓin cizon sauro ɗigo ɗaya ya isa a gane shi. Amma gwajin taifot da ake kira Widal, kada ka dogara gare shi shi kaɗai, gama yakan nuna ciwo inda babu.

Akwai cututtukan da ba sa sallama. Ciwon sukari na ɗaya. Ana auna shi da safe bayan awa 8 ba ka ci kome ba, in ya kai 126 ko ya wuce har sau biyu, ciwon ya tabbata. Ƙoda ma takan lalace shekaru ba zafi, sai dattin da ya kamata ta tace ya taru cikin jini, shi ne ake aunawa. Ku masu aiki da sinadarai a majemun Challawa, ku roƙi likita ya haɗa da wannan. Haka ciwon hanta nau'in B. Hawan jini dai ba a ganinsa cikin kwalba, a damtse ake auna shi.

Yanzu ga inda mu masu ɗaurin aure muka fi shan wahala. Rukunin jini, wato A, B, AB ko O, domin ƙarin jini ne. Gwajin sikila dabam yake, shi ake rubutawa AA, AS ko SS. Saurayi ya ce shi O ne, yana tsammani ya gama, alhali bai taɓa maganar ba. Mai AS lafiyarsa ƙalau, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya haka yake. Amma in AS ya auri AS, kowane ciki yana da rabo ɗaya cikin huɗu na haihuwar ɗa mai SS. Ku lura, kowane ciki. Ana iya haifar uku a jere masu ciwon.

A shekarar 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu kan dokar da ta wajabta gwajin sikila, ciwon hanta da ƙanjamau kafin aure a Jihar Kano. Ana yin su a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da Asibitin Murtala. Ni shawarata ga iyaye, a yi tun kafin a kai kuɗin gaisuwa, gama in an riga an sa rana, da wuya wani ya saurari takarda.