Labulen taga mai inci 4

Kin tuna lokacin da muke haɗa wa 'yar tsana ɗaki da kwalin taliya? Makon jiya ƙanwata ta ga wani gidan 'yar tsana a TikTok, ta sa kuka sai an saya mata. Kuɗin kuwa, wallahi ba na ɗaliba ba ne.

Sai muka zauna da kwali da almakashi. Ginin bai wahalar da mu ba, taga ce ta sa ni zufa. Masu wannan sana'a yawanci ma'aunin 1:12 suke bi, wato inci 1 a madadin ƙafa 1, don haka taga mai ƙafa 4 inci 4 za ta koma. Farar robar murfin kwalin kaya ita ce gilashinki. Tsinken tsire kuma sandar labule, ki dai datse tsininsa. Kada ki maimaita kuskurena na sa atamfa, a wannan ƙanƙantar sandarewa take yi. Ki roƙi tela guntun leshi mara kauri, ki jiƙa da sitaci, ki tattare shi ya bushe a haka.

In akwai yaro ɗan ƙasa da shekara 3 a gidan, ki haƙura da duwatsun ado, baki zai kai su.