Mai Farfaɗiya da Awon Ƙwaƙwalwa: Sau Ɗaya Ba Ya Isa

Ƴan uwa Musulmi, a gidajenmu da dama akwai yaro ko babba mai fama da farfaɗiya. Sau da yawa mukan ɓoye shi, wasu su ce aikin iska ne, wasu su guji miyaunsa, alhali cutar ba a ɗaukarta daga wani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu ita sun kai miliyan 50, kuma kusan kashi 70 cikin 100 za su iya rabuwa da faɗuwa idan sun samu magani yadda ya kamata.

Cikin ikon Allah, ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suna aika wa juna saƙo ta ƴar wutar lantarki, kuma farfaɗiya takan taso ne idan wutar ta rikice lokaci guda. A 1924 wani likitan Jamus, Hans Berger, ya fara auna wannan wuta a jikin ɗan Adam. Awon shi ne likitoci ke kira EEG. Ana manna ƙananan wayoyi kimanin 20 a fatar kai, na'ura ta zana motsin ƙwaƙwalwa na minti 20 zuwa 30. Babu zafi, kuma ba a sa wa mutum wuta, saurare kawai ake yi.

Abin da ya kamata iyaye su sani shi ne, awon farko yakan fito lafiya lau ga kusan rabin masu cutar, domin rikicin zuwa yake yi ya wuce. Shi ya sa likita kan nemi a sake, wani lokaci cikin barci. Da kwatanta takardar bara da ta bana, tare da bayanin iyali, yake tantance irin farfaɗiyar da maganin da ya dace. Idan mutum ya yi shekara 2 ko fiye bai faɗi ba, awon yana taimaka wa likita ya duba ko za a rage magani sannu a hankali. Haka nan wanda sanƙarau ko buguwar kai ya sa ya suma, akan bar masa na'urar awoyi da yawa a manyan asibitoci, saboda akwai farfaɗiyar da ba ta girgiza jiki.

Don haka mu adana kowace takarda, mu rubuta ranar da aka faɗi da tsawon lokacin. Ranar awo a kwance kitso, a wanke kai, kada a shafa mai. Kada mu yanke magani don takarda ta yi kyau ko don azumi ya kama, sai da shawarar likita, domin yankewar farat ɗaya tana iya jawo faɗuwa mai haɗari, kuma Shari'a ta yi wa majinyaci rangwame. Mu haɗa addu'a da neman magani.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin.